Tsaunukan Siri Lanka da Dutsen Annabi Adamu: tambayoyin da Kanawa ke yi kafin su ɗaure kaya

Bakano ba baƙon tafiya ba ne. Fatauci ya kai kakanninmu Gwanja da Turabulus, aikin Hajji ya kai su Makka da ƙafa, yau kuma 'yan Kantin Kwari na zirga-zirga tsakanin Dubai da Sin, masu jinya na Masar da Indiya. Abin da bai cika shiga lissafinmu ba shi ne mutum ya tashi takanas don ya je ya ga ƙasa, ya hau dutse, ya kalli ikon Allah ya dawo. Wannan shafi na masu irin wannan niyya ne, kuma wurin da aka ɗauka shi ne tsaunukan da ke tsakiyar tsibirin Siri Lanka. Tambayoyin kuwa irin waɗanda ake jefowa ne a majalisa da zarar an ambaci wurin.

Wai ina ne Siri Lanka, kuma waɗanne tsaunuka ake nufi?

Tsibiri ne a tekun Indiya, dab da ƙarshen kudancin ƙasar Indiya. Larabawan da suna kiransa Sarandib, Turawan mulkin mallaka suka kira shi Silon, ya sami 'yancin kai a 1948, a 1972 kuma ya ɗauki sunan da yake amsawa yanzu. Faɗinsa murabba'in kilomita 65,610 ne, wato ya ninka jihar Kano sau uku da ɗan ɗoriya, mutanensa kuma wajen miliyan 22 ne.

Gefen teku shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai zafi da gumi. Amma daga tsakiya zuwa kudu ƙasar ta tashi sama, tsauni na bin tsauni, har ta kai Pidurutalagala mai tsayin mita 2,524, wanda ya ɗara Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. A nan ake da garuruwan Kandi, Hatton, Nuwara Eliya, Haputale da Ella. Daga nan ne kuma manyan kogunan ƙasar suke gangarowa, har da Mahaweli da ya fi kowane tsawo. A 2010 hukumar UNESCO ta sa yankuna uku na waɗannan tsaunuka cikin wuraren gadon duniya: dajin da ke kewaye da Dutsen Annabi Adamu, filin Horton, da jerin duwatsun Knuckles.

Malam, da gaske ne akwai sawun Annabi Adamu (AS) a kan wani dutse a can?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma ta cancanci a amsa ta a tsanake. Akwai dutse mai tsini, tsayinsa mita 2,243, mutanen ƙasar na kiransa Sri Pada, a taswira kuma za ka gan shi da sunan Adam's Peak. A ƙololuwarsa akwai wani loɓawa a jikin falalen dutse mai siffar tafin ƙafa, tsawonsa ya kusa mita biyu. Mabiya addinin Buda, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, sun ce sawun Buda ne. 'Yan Hindu sun ce na Shiba ne, ɗaya daga cikin ababen bautarsu. Musulmin yankin kuma tun ƙarnoni masu yawa suna danganta shi ga Annabi Adamu, cewa a nan ya fara taka ƙasa bayan saukowa daga Aljanna.

Alƙur'ani bai ambaci wurin da Annabi Adamu ya sauka ba. Abin da ake da shi ruwayoyi ne da wasu malaman tarihi da tafsiri na farko suka kawo, cewa ya sauka a ƙasar Hindu, wato Indiya, wasu suka ambaci Sarandib da suna. Labari ne na magabata, ba aƙida ba ce da aka ɗora wa Musulmi ya yi imani da ita. Wanda ya je ya dawo yana rantsuwa cewa ya ga sawun Annabi Adamu da idonsa, ya faɗi abin da ba shi da tabbacinsa.

Duk da haka tarihin Musulmi da wannan dutse dogo ne, kuma abin sha'awa. Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan Tanja ta Maroko, ya hau shi a 1344, shekaru kaɗan kafin ya ratsa hamada ya zo daular Mali. Ya ba da labarin hanyoyi biyu, ɗaya ana kiranta hanyar Baba, ɗaya hanyar Mama, wato Adamu da Hauwa'u, kuma ta Baba ce mai wuya. Ya ce akwai sarƙoƙin ƙarfe guda goma da aka kafa a jikin dutsen don mai hawa ya riƙe, ta goman ana ce mata sarƙar Shahada, domin duk wanda ya iso wurin ya leƙa ƙasa, tsoro kan sa ya kama kalmar shahada. Idan ka hau yau, hanyar da Musulmi suka bi shekaru kusan ɗari bakwai da suka wuce kake maimaitawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa zuciya ta motsa.

To ya halatta Musulmi ya hau?

Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ka kuma gaya masa haƙiƙanin yadda wurin yake. A saman dutsen akwai ɗakin bautar mabiya Buda da aka gina a kan sawun, ana kai furanni, ana kunna fitilu, ana durƙusawa. Akwai kuma ƙararrawa da mahaya ke bugawa gwargwadon adadin hawan da suka taɓa yi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe ka. Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaure sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku, na Makka, na Madina da na Ƙudus, saboda haka kada ka sa wa tafiyar sunan ziyara ko neman tabarruki.

Abin da ya rage shi ne tafiya don kallon halitta da yin tunani a kanta, wanda aya ta 20 a Suratul Ankabut ta yi umarni da shi. Ni a ganina da wannan niyya ya kamata a je. Ka hau, ka tsaya a gefe cikin mutunci, ka cire takalmi inda aka ce a cire, kada ka tsangwami masu ibadarsu, ka kalli fitowar rana ka yi tasbihi ga wanda ya halicce ta.

Yaya hawan yake, tun daga farko har ƙarshe?

Hanyar da aka fi bi tana farawa daga wani ƙaramin gari, Nallathanniya, wanda wasu ke kira Dalhousie, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu a mota daga Hatton. Akwai wata ta ɓangaren Ratnapura, amma ta fi tsawo da wahala nesa ba kusa ba, ba ta sabon shiga ba ce.

Da dare ake hawa. Yawanci mutane kan bar masauki wajen ƙarfe 2 na dare don su riski fitowar rana a sama. Farkon hanyar da sauƙi, kana ratsa gonakin shayi kana tafiya kusan a miƙe, har ka fara tunanin an zuzuta abin ne. Daga nan sai matattakala ta fara, kuma sun haura 5,000. Ba a yi su daidai da juna ba, wata gajeriya wata doguwa, abin da ke hana ƙafa ta saba da taku ɗaya. Sashen ƙarshe ya miƙe sosai, sai da riƙe ƙarfen gefe. Gaba ɗaya za ka tashi sama da kimanin mita 1,000 daga inda ka fara, cikin sa'o'i uku zuwa huɗu idan kana da matsakaicin ƙarfi.

A lokacin da ake hawa, an kunna wa hanyar fitilu tun daga ƙasa har sama, kuma akwai rumfunan masu shayi da abin taɓawa a kan hanya, da wuraren zama. Za ka ga tsofaffi tukuf suna hawa ba takalmi, jikoki na riƙe da su, ga iyaye ɗauke da jarirai. Ganinsu kan kashe wa matashi bakin ƙorafi.

Idan gari ya yi sarari, ladan wahalar yana zuwa ne kashi biyu. Na farko fitowar rana ta bayan jerin tsaunuka, gajimare na ƙasa da kai. Na biyu kuwa da yawa kan rasa shi don sun yi gaggawar sauka: idan ka juya yamma jim kaɗan bayan rana ta fito, za ka ga inuwar dutsen ta faɗa kan hazo, mai kusurwa uku cif, sannan a hankali ta riƙa janyewa zuwa gindinsa. Ka jira wannan.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ka ware mata sa'o'i biyu zuwa uku, kada kuma ka tsara wata doguwar tafiya a ranar. Ba a biyan kuɗin shiga.

Ni da ban taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba, zan iya?

Za ka iya, in ka shirya. Birnin Kano shimfiɗe yake, kuma yawancinmu daga mota sai babur sai a-daidaita-sahu, ƙafa ta manta aikinta. Dutsen Dala ana gama hawansa cikin mintuna, wancan kuwa sa'o'i ne. Amma Dala da Goron Dutse sun isa makaranta. Wata biyu kafin tafiya, ka riƙa fita bayan sallar asuba kana tafiyar sa'a guda da sauri, sau uku ko huɗu a mako, ka haɗa da hawa da sauka a matattakala, ko ta bene ce, har sai ka iya yin rabin sa'a ba ka tsaya ba. Takalmin da za ka je da shi, da shi za ka yi wannan atisaye, domin sabon kambas a kan dutse ƙafa yake ci.

Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon zuciya ya fara ganin likitansa. Mai ciwon gwiwa kuma ya haƙura da wannan dutse, akwai abin kallo da yawa da ba ya buƙatarsa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Lokacin hawan Sri Pada yana farawa da cikar wata a Disamba, ya ƙare da cikar wata a Mayu. Bayan haka damina ce ta iskar kudu maso yamma: an kashe fitilu, rumfuna a rufe, ƙololuwa cikin hazo. Oktoba da Nuwamba ma ruwa ake yi sosai. Janairu zuwa Maris sun fi kowane lokaci sararin sama.

Ga wata dabara da Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa. Duk ranar da wata ya cika hutu ne a ƙasar, suna kiranta Poya, kuma a ranar da kwanakin ƙarshen mako dubban masu ibada ke tururuwa zuwa dutsen, har layi ya tsaya cak na sa'o'i a kan matattakala, wani ma rana ta fito bai kai ba. Ka duba kalandar Musulunci, ka kauce wa 13 zuwa 16 ga wata, ka zaɓi Talata ko Laraba. Ka kauce wa tsakiyar Afrilu kuma, lokacin bikin sabuwar shekararsu, don masaukai kan cika, farashi ya tashi, musamman a Nuwara Eliya. Sannan a 'yan shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa ne a tsakiyar wannan lokaci, sai ka tsara kafin sa ko bayan sallah.

Ƙasar zafi ce ai, me zai sa in ɗauki rigar sanyi?

Kolombo, babban birninsu na bakin teku, ita ce ke da zafi. Nuwara Eliya tana kan tsayin kusan mita 1,900, ta fi Jos nisa a sama sosai, kuma a Janairu da Fabrairu akan wayi gari raɓa ta daskare a kan ciyawa. A saman Sri Pada kuma ga iska, ga jiki ya jiƙe da gumi, ga tsayuwar jiran rana. Sanyin ba irin na hunturunmu mai bushewa ba ne, mai laima ne, yana shiga ƙashi.

Duk abin da kake buƙata akwai shi a gwanjon Ƙofar Wambai: suwaita mai kauri, rigar ruwa mara nauyi, hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa mai kauri, da ƙaramar jakar goyo. Ka ƙara da tocila da rigar ciki ta canji, wadda za ka sa da ka isa sama. Babbar riga da shadda a bar su a masauki. Mata za su fi sakewa da wando mai faɗi a ƙarƙashin riga mai tsayin gwiwa ko ƙasa kaɗan, da hijabi matsakaici, domin doguwar abaya na harɗe ƙafa a matattakala.

Sallah fa?

Kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, yawancinsu Shafi'awa masu magana da harshen Tamil. Akwai masallatai a Kandi, Hatton da Nuwara Eliya, kuma garin Akurana da ke kusa da Kandi kusan duk Musulmi ne. Sallama kaɗai ta isa ta buɗe maka ƙofa. Idan ka ratsa ta Kolombo, ka yi sallah a jan masallacin nan na unguwar Pettah, Jami'ul Alfar, wanda aka gina a 1909.

Abu biyu za ka kiyaye. Mu a Kano gabas muke kallo, a can alƙibla tana arewa maso yamma, don haka ka duba kafin ka tayar da kabbara. Sannan asuba za ta same ka a kan dutse, domin alfijir na ketowa wajen ƙarfe 5. Ka yi alwala tun kafin sanyi ya tsananta, ka riƙe ƙaramar darduma, ka yi sallarka a ɗaya daga cikin wuraren hutawa da ke ƙasa da ƙololuwa, ba a harabar ɗakin bautar ba. Agogonsu yana gaban namu da sa'o'i huɗu da rabi.

Me zan ci? Kada in je in rame.

Ba za ka rame ba. Shinkafa ce abincinsu, da miyoyi kala-kala da ake yi da madarar kwakwa, ga wake irin na adas, ga kifi, ga barkono wanda ko mai son yaji sai ya sha ruwa. Akwai kottu, gurasa ce da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da kayan lambu ko kaza. Shagunan abinci na Musulmi suna da yawa a garuruwa, a nan za ka ci nama hankali kwance, ka sami biriyani, ka kuma ɗanɗani watalappam, wani kayan zaƙi na ƙwai da madarar kwakwa da mazarƙwailar wata bishiyar yankin mai kama da dabino, wanda Musulmin ƙasar ke yi a bukukuwa. Inda ba ka tabbatar da yanka ba, kifi da kayan lambu sun wadatar. Nuwara Eliya ma gari ne na karas, kabeji da dankalin Turawa. Don hawan dutse, dabino da gyaɗa da ruwan roba sun fi komai.

Ni Hajiya ce mai ciwon gwiwa, yara ne ke son mu je. Me zan gani in ba zan hau dutse ba?

Hajiya, wataƙila ma ke za ki fi su morewa. Babban abin kallo a tsaunukan nan a zaune ake ganinsa, ta tagar jirgin ƙasa. Layin dogon da Turawan Ingila suka shimfiɗa don kwasar amfanin gona yana tashi daga Kandi ya bi ta Hatton, Nanu Oya, Haputale har Ella, tafiyar sa'o'i shida zuwa bakwai, jirgin na tafiya a hankali yana kewaya tsaunuka, yana shiga ramukan dutse yana fita, gonakin shayi kore shar ta ko'ina, ruwa na zubowa daga kan duwatsu. A nemi kujerar da ake kamawa tun da wuri, don takan ƙare makonni kafin ranar. A kuma tabbatar jirgin na aiki a sashen da ake so, domin ambaliya da zaftarewar ƙasa na ƙarshen Nuwamban 2025 sun yi wa layin da hanyoyin mota ɓarna mai yawa. Ki ja wa yaran kunne kan leƙowa ta ƙofar jirgi don ɗaukar hoto, an rasa rayuka a kan wannan.

A Kandi akwai tafki a tsakiyar gari da za a zagaya a hankali, da lambun Peradeniya mai itatuwa iri-iri. Kandi ce masarautar ƙarshe da ta faɗa hannun Ingila, a 1815. A Ella akwai gadar jirgi mai baka tara, ana zuwa kusa da ita a a-daidaita-sahu, wanda a can ma shi ne abin hawan kowa. Yara masu ƙarfi kuma su tafi filin Horton, wani tudu shimfiɗaɗɗe da ya haura mita 2,000, inda ake zagayen kimanin kilomita 9 a ƙafa, a ga manyan barewa, a isa wani gefen dutse da ake kira Ƙarshen Duniya, inda ƙasa ta yanke ta faɗa kusan mita 870. Su isa kafin ƙarfe 9 na safe, in ba haka ba hazo ya rufe komai. Ana bincika jaka a ƙofa a cire leda, kuma baƙi na biyan kuɗin shiga fiye da 'yan ƙasa.

Ashe daga can shayin da muke sha yake?

Wani daga ciki. Siri Lanka na cikin manyan masu fitar da ganyen shayi a duniya, kuma sunan da kowane mai shayi a Kano ya sani yana da tushe a waɗannan tsaunuka. Da farko kofi ake nomawa, sai wata cuta ta ganye ta ɓulla a 1869 ta cinye gonakin. Kafin nan, a 1867, wani ɗan Sikotlan mai suna James Taylor ya fara gwada shayi a gonar Loolecondera kusa da Kandi, sai manoma suka koma kansa. A 1890 Thomas Lipton ya zo ya sayi gonaki, har yau kuma a saman gonar Dambatenne kusa da Haputale akwai wurin da yake zama yana hangen gonakinsa, ana kai baƙi.

Masana'antu da yawa na karɓar masu ziyara. Za a nuna maka yadda ake tsinko ganye biyu da toho ɗaya kawai daga kan kowane reshe, a shanya su yi laushi, a murza, a bar su su sha iska har su yi duhu, a busar da wuta, a tankaɗe a ware daraja-daraja. Wanda ya taɓa zuwa Kakara a Mambila ya san aikin.

Ina roƙon wanda ya je kada ya tsaya ga kyan gonar kaɗai. Matan da ke tsinkar ganyen, da buhu rataye a ka, jikokin 'yan Tamil ne da Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya a ƙarni na 19. Da yawansu har yau a jerin ɗakunan da aka gina wa kakanninsu suke zaune, kuma ladan wuni guda bai taka kara ya karya ba. Su ba kayan ado ba ne na hoton baƙi. Ka gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, in ka yi alheri ka yi shi cikin sirri da girmamawa.

Ta ina ake bi daga Kano, kuma yaya batun biza?

Babu jirgi kai tsaye. Ana canji ne a Doha, Dubai ko Istanbul, sau da yawa bayan an fara zuwa Abuja ko Legas, a sauka a filin jirgin Bandaranaike da ke Katunayake, kimanin kilomita 30 arewa da Kolombo. Daga nan zuwa Kandi sa'o'i uku ne ko sama da haka.

Biza kuwa, kada ka yi aiki da abin da ka ji Bature ya faɗa a YouTube. Sauƙin da ake yi wa wasu ƙasashe ba lallai ya shafi koren fasfo ba. Ka samu izinin shiga a hannu kafin ka biya kuɗin tikiti, ka riƙe shaidar masauki da tikitin dawowa, ka kuma guji duk ejan ɗin da ya ce a filin jirgi za a buga maka. Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana goma kafin ta fara aiki a takarda.

Nawa zan tanada?

Farashin tikiti da canjin dala na motsi kullum, duk adadin da aka rubuta yau gobe ya tsufa. Tikitin jirgin sama shi ne kaso mafi girma. A cikin ƙasar jirgin ƙasa, bas da abincin gida suna da araha, ƙananan masaukai na iyali ma haka. Ka canji dala a Wapa, takardu sababbi masu tsabta, ka mayar da su rupi, kuɗin ƙasar, a banki ko wurin canji mai lasisi in ka sauka. Kada ka dogara da katin naira kaɗai.

Akwai zaman lafiya?

Yaƙin basasar da aka fara a 1983 ya ƙare a 2009, kuma yankin tsaunuka na karɓar baƙi daga ko'ina. Amma gaskiya ba ta ɓuya: a Maris na 2018 an kai wa shaguna da masallatan Musulmi hari a kewayen Kandi, a Afrilun 2019 kuma 'yan ta'adda suka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal ranar Ista, abin da ya jawo wa Musulmin ƙasar tsangwama na wani lokaci. A 2022 tattalin arziki ya durƙushe har shugaba Gotabaya Rajapaksa ya bar ƙasar. Ka bibiyi labarai kafin ka tashi, ka bar muhawarar addini da siyasa a gida.

Suna ɗaukar mutuncin gumakan Buda da matuƙar muhimmanci. Kada ka juya wa gunki baya don ɗaukar hoto, kada ka hau kansa ko ka yi wasa a gabansa, ana iya kama mutum a kan haka. Dokar ƙwaya ma tana da tsanani, don haka kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe ka gani ba. A titi kuma hannun hagu suke tuƙi, ka duba dama kafin ka tsallaka.

An ce akwai matsattsaku?

Akwai, a ciyawa mai laima da dazuzzuka, musamman bayan ruwa da kuma a Knuckles, inda ba a shiga sai da ɗan jagora. Ba su da dafi. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ɗaya ya kama ka zuba masa gishiri ya saki, ka wanke wurin. Zazzaɓin cizon sauro kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi a 2016, amma akwai zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, ya fi yawa a ƙasa-ƙasa irin Kolombo. Ka riƙe man shafawa na korar sauro.

Kwana nawa zai isa?

Takwas zuwa goma, ban da kwanakin jirgin sama. Biyu a Kandi don jiki ya huta, biyu a Nallathanniya saboda hawa da jinyar ƙafa, biyu a Nuwara Eliya ko Haputale, biyu a Ella. Hanyoyin tsauni sun cika kwana-kwana, kilomita 60 na iya cin sa'o'i biyu da rabi, mai jiri a mota ya tanadi magani. Wanda ya ƙware a tafiyar ƙafa akwai hanyar Pekoe, kilomita 300 da aka raba zango 22 ta cikin gonakin shayi, ana iya ɗaukar zango ɗaya ko biyu kawai.

Wace tsaraba zan kawo?

Shayi, da kirfa, da kanumfari, da masoro. Shayin da ke ɗauke da tambarin zaki riƙe da takobi shi ne wanda hukumar shayin ƙasar ta tabbatar an noma shi an kuma ƙulle shi a can, kuma a shagon masana'anta ya fi sabo. Duwatsu masu daraja na Ratnapura sun shahara, musamman shuɗin yakutu, amma in ba sana'arka ba ce kada ka sayi ko ɗaya a hannun wanda ya tare ka a titi. Kayan ƙamshi kuma ka saye su a kasuwar gari ko babban kanti, ba a lambunan da direbobi ke tsayawa da baƙi ba, inda farashin kan ninka sau da yawa.